Yadda ake tantance gem kafin a miƙa wa yaro

Yaro zai zo ya tsaya a kanka da waya a hannu, ya ce, "Baba, don Allah sauke min wannan gem ɗin, kowa a ajinmu yana buga shi." Ka karɓa ka duba, ka ga 'yan mutane masu manyan kawuna da kaya kala-kala kamar na katun, ranka ya ba ka ai abin yara ne, ka danna ka miƙa masa. An gama tantancewa ke nan cikin daƙiƙa goma. Alhali a shafin nan da ka duba, ƙasa kaɗan da sunan gem ɗin, akwai wata 'yar lamba ko harafi a cikin akwati, wadda domin kai aka sa ta, ba domin yaron ba.

Iyaye da yawa ba su taɓa lura da ita ba. Waɗanda suka lura kuma sukan ɗauka ta gama magana. Duka biyun akwai gyara. Wannan alamar ta shekaru tana gaya maka abin da kamfani ya zuba a cikin gem ɗinsa, amma ba ta san wanda yaronka zai haɗu da shi a ciki ba, ba ta kuma san nawa za a tatsa daga katinka ba. Don haka aikin kashi biyu ne: ka iya karanta alamar, sannan ka bi sawun abin da ta bari.

Mataki na 1: Gano alamar wace hukuma ce

Babu hukuma guda da ke tantance gem ɗin duniya gaba ɗaya. Kowane yanki da tasa, amma biyu ne za ka fi cin karo da su.

Idan ka ga harafi baƙi a cikin farin akwati, ta ESRB ce, wadda ke aiki a Amurka da Kanada. An kafa ta a 1994, bayan zaman da Majalisar Dattawan Amurka ta yi a watan Disamba na 1993 ƙarƙashin jagorancin sanatoci Joe Lieberman da Herb Kohl. Abin da ya tayar da ƙurar shi ne gem irin su Night Trap da Mortal Kombat, wanda a cikinsa mai nasara kan iya fizge kan abokin faɗansa har da ƙashin baya. Sanatocin suka nuna wa kamfanoni cewa ko dai su kafa tsarin kansu ko gwamnati ta kafa musu, kamfanonin kuwa suka zaɓi su yi da kansu. Ka riƙe wannan: ESRB ta masana'antar gem ce, ba ta gwamnati ba.

Haruffanta ba su da yawa. E na kowa da kowa ne. E10+, wanda aka ƙara a 2005, na ɗan shekara 10 ne zuwa sama. T na 13, M na 17, AO na manya zalla daga 18. RP kuma yana nufin ba a gama tantancewa ba tukuna, a tallan gem ɗin da bai fito ba ake ganinsa. Kada ka ce tunda akwai AO a sama, ai M da sauƙi. Sony da Microsoft da Nintendo ba sa barin gem mai AO a na'urorinsu, shi ya sa kamfanoni ke rage abin da ya yi yawa har su samu M. A aikace, M shi ne ƙarshen tsani, a can za ka samu su Grand Theft Auto V da yawancin Call of Duty.

Idan kuma lamba ka gani a akwati mai launi, ta PEGI ce, tsarin Turai da ya fara aiki a 2003, wanda ƙasashe sama da 30 ke bi. Lambobinta biyar ne: 3 da 7 kore, 12 da 16 ruwan lemo, 18 ja. A Birtaniya, tun 2012, laifi ne mai shago ya sayar wa yaro gem mai 12 ko 16 ko 18 idan shekarunsa ba su kai ba.

Sauran ba sai an daɗe a kansu ba. Jamus tana da USK mai 0, 6, 12, 16, 18. Japan tana da CERO mai haruffa A, B, C, D, Z, inda Z ke nufin 18. Ostareliya sai a 2013 ta buɗe matakin R18+ na gem. Kafin nan duk gem ɗin da ya wuce na ɗan shekara 15 hana shi shiga kasuwa ake yi.

Kada ka yi mamaki in ka ga gem ɗaya da alamu mabambanta. Minecraft yana da 7 a PEGI, E10+ a ESRB. The Sims 4 yana da 6 a Jamus, 12 a PEGI, T a Amurka. Ba wanda ya yi kuskure, ma'aunin ne ba ɗaya ba: Amurkawa sun fi sa ido a kan batsa da ashar, Jamusawa sun fi tsananta wa zubar da jini. In alamu biyu suka saɓa, ɗauki mafi girma, sannan ka nemi dalilin saɓanin.

Mataki na 2: Fahimci abin da lambar ke aunawa

Mu ɗauki PEGI tunda lambobi ne, sun fi sauƙin riƙewa. A 3, ba zagi, ba sauti ko hoton da zai tsorata ƙaramin yaro, in akwai duka to irin na barkwancin katun ne. A 7, akan samu abin da zai iya razana 'yan ƙanana, da faɗa mara kama da na gaske. A 12, faɗan ya ƙara fitowa fili, ana iya samun habaicin batsa da zagi mara nauyi. A 16, duka da kisa sun yi kama da na zahiri, ashar ta yi nauyi, taba da giya da ƙwaya na iya bayyana. A 18 ne ake samun kisa ba dalili, azabtar da wanda ba ya iya kare kansa, kwalliya wa shan ƙwaya, da jima'i a bayyane.

Ga kuskuren da na fi ji a bakin iyaye: "Ai yaron nan ƙwaro ne, ya fi ƙarfin gem ɗin 7, na 16 yake bugawa." Lambar ba ta auna wahalar gem ko basirar mai bugawa. Microsoft Flight Simulator, inda ake tuƙa jirgin sama da duk maɓallansa kamar na gaske, yana da 3 a PEGI, kuma babba ma sai ya yi gumi kafin ya sauke jirgi lafiya. An ba shi 3 ne don babu abin cutarwa a ciki. Haka nan gem mai 18 yana iya zama mai sauƙin bugawa har ɗan shekara takwas ya ƙware a kansa cikin yini guda. Iya riƙe abin bugawa daban, iya ɗaukar abin da ido ya gani daban.

Mataki na 3: Juya bayan kwali

Nan ne amfanin ya fi yawa, kuma nan ne aka fi tsallakewa. A bayan kwali, ko a ƙasan shafin gem ɗin a kantin intanet, akwai dalilan da suka sa aka ba shi wannan lambar.

PEGI da ƙananan hotuna take bayani. Dunƙulallen hannu yana nufin faɗa da duka. Kumfar magana mai tarkacen alamomi a ciki, zagi. Gizo-gizo, abin tsoro. Ƙwayoyin ludo biyu, caca. Alamar namiji da mace a haɗe, batsa. Sirinji, ƙwaya ko giya ko taba. Mutum uku, ɗaya a tsakiya an sa shi gaba, wariya da ƙyamar wasu mutane. Hannu riƙe da katin banki, wanda aka ƙara a 2018, yana nufin ana sayayya da kuɗin gaske a cikin gem ɗin. ESRB kuma da kalmomi take rubuta nata, tana bambanta jini kaɗan da jini mai yawa, zagi mara nauyi da mai nauyi. A shafinta na intanet, in ka rubuta sunan gem ɗin da aka sayar a kwali, yawanci za ka samu sakin layi guda da ke bayyana ainihin abin da ke faruwa a ciki, har da kalmomin zagin da ake furtawa. Karanta shi ba ya cin minti biyu.

Me ya sa dalilin ya fi lambar muhimmanci? Domin gem biyu suna iya samun 12, ɗaya saboda dodanni da duhu da ƙara mai firgitarwa, ɗayan saboda bakin 'yan wasan ba shi da linzami. Kai ka san 'ya'yanka. Akwai yarinyar da in ta ga abin tsoro da rana, ba ta ba barci sai an kunna mata fitila kwana uku. Akwai yaron da dodo ba ya ɗaga masa hankali ko kaɗan, amma duk kalmar da ta shiga kunnensa gobe za ka ji ta a bakinsa yana faɗa wa ƙanwarsa. Hukumar ba ta san wannan ba. Ta auna gem ɗin, kai ne za ka auna yaron.

Mataki na 4: San yadda aka ba da alamar, don ka san iyakarta

Ga gem ɗin da za a sayar a kwali, kamfani ne ke cike dogon fom, ya bayyana duk abin da ke ciki, ya haɗa bidiyon wuraren da suka fi tsanani ya aika. A ESRB, masu tantancewa aƙalla uku ne ke kallon bidiyon su ba da shawara. Ba zama suke yi su buga gem ɗin daga farko har ƙarshe kafin ya fito ba, don wani gem ɗin sai ya ci sa'a ɗari. A PEGI, bayan fom ɗin, wata hukuma a Holan mai suna NICAM ke duba na 3 da 7, wata a Birtaniya ke duba na 12 zuwa 18.

Gem ɗin waya kuwa sun yi yawan da ba mai iya binsu ɗaya bayan ɗaya. Shi ya sa a 2013 hukumomin suka haɗu suka kafa IARC: mai gem ya amsa tambayoyi a intanet, nan take na'ura ta fitar masa da alamar kowane yanki. Sai daga baya mutane ke bin wasu su duba, musamman waɗanda suka yi tashe ko aka kai ƙararsu. Wannan tsarin Google Play ke bi tun 2015. A ƙasashen da ba su da hukumar kansu, za ka ga 3+, 7+, 12+, 16+ ko 18+. Apple nata tsarin daban ne, ya daɗe a kan 4+, 9+, 12+, 17+, sai a 2025 ta sauya shi zuwa 4+, 9+, 13+, 16+, 18+. Abin lura dai shi ne, alamar ƙaramin gem ɗin waya da ba a san mai shi ba, a kan gaskiyar mai shi ta dogara.

Alama kuma tana sauyawa. A 2005 aka gano wani ɓangaren batsa da aka ɓoye a cikin faifan Grand Theft Auto: San Andreas, wanda wani ɗan gyara da aka yaɗa a intanet ke buɗewa. ESRB ta ɗaga shi daga M zuwa AO, shaguna suka kwashe shi, sai da kamfanin ya fitar da wanda aka goge abin. A 2024 kuma PEGI ta ɗaga Balatro, wani gem ɗin kati, daga 3 zuwa 18 saboda yana kama da karta, duk da ba a sa ko kwabo na gaske a cikinsa. Bayan ɗaukaka ƙara aka mayar da shi 12 a 2025. Wannan shari'ar ta tayar da surutu, domin a daidai lokacin gem ɗin ƙwallon ƙafa da ke sayar da fakitin 'yan wasa na sa'a da kuɗin gaske suna zaune abinsu da lamba 3.

Mataki na 5: Tambayi da wa zai yi magana a ciki

A kwalayen Amurka an daɗe ana rubuta wani ɗan gargaɗi cewa hukumar ba ta tantance abin da ke faruwa tsakanin 'yan wasa a intanet ba. Wannan layin ya fi duk haruffan nauyi. A yau sukan rubuta Users Interact, ma'ana 'yan wasa suna iya hira ko musayar abin da suka ƙirƙira.

Na taɓa zama kusa da ɗan ƙanena, yana da shekara tara a lokacin, yana buga wani gem na gine-gine mai alamar ƙananan yara. A fuskar wayar ba abin da za ka ƙi: gidaje, bishiyoyi, 'yan dabbobi. Iyafis ne a kunnensa, yana ta gyaɗa kai. Na ce, "Cire mu ji tare." Ya ɗan yi jim, ya cire. Muryar ƙaton namiji ce ta fito, yana surfa wa wani ashar, ya juyo kan yaron ya tambaye shi shekarunsa nawa, yana da wata manhajar da za su koma su yi hira su biyu. Na dubi yaron, ya ce, "Kawu, ai abokina ne, kullum muna bugawa." Bai taɓa ganin fuskarsa ba.

Saboda haka kafin ka amince da kowane gem, ka samu amsar tambayoyi uku. Ana buga shi da baƙi ko mutum shi kaɗai? Akwai hira ta murya ko ta rubutu, kuma ana iya kashe ta ko a taƙaita ta ga abokan da ka sani? Sannan, 'yan wasa suna ƙirƙirar nasu abubuwan su sa a ciki? Ta ukun tana da muhimmanci a dandali irin Roblox, wanda ba gem ɗaya ba ne, tarin miliyoyin wasanni ne da mutane daban-daban suka gina. Alama guda ba za ta iya rufe su duka ba, shi ya sa dandalin ke da nasa matakan na ciki da iyaye za su iya saitawa. Fortnite ma, mai 12 a PEGI da T a ESRB, yanzu yana ɗauke da tsibirai da 'yan wasa suka gina, kowanne da tasa alamar.

Ka kafa wa yaro doka ɗaya wadda ba ta da sassauci: ba ya faɗa wa kowa cikakken sunansa, makarantarsa ko inda yake zaune, ba ya tura hoto, kuma duk wanda ya ce su koma wata manhaja su yi hira a ɓoye, ya zo ya gaya maka. Ka kuma yi masa alkawarin in ya gaya maka ba za ka ƙwace gem ɗin ba. In ya san faɗin gaskiya zai jawo masa ƙwace waya, shiru zai yi.

Mataki na 6: Bi hanyar kuɗi

Gem ɗin da aka rubuta kyauta ne, ta wata ƙofar yake cin abinci. Wani da talla, wani da sayar da kaya a ciki: riguna, makamai, ƙarin rai, tikitin kakar wasa. Yawancinsu ba sa nuna farashi da kuɗin gaske. Sai ka fara sayen lu'ulu'u ko tsabar zinaren gem ɗin, sannan ka kashe su, ta yadda yaro ba ya jin cewa kuɗi ne ke fita.

Wanda ya fi hatsari shi ne akwatin sa'a: ka biya, a buɗe maka akwati, ba ka san abin da zai fito ba. Wataƙila ɗan wasan da kake mafarki, wataƙila tarkace, sai ka sake biya. Shekaru da dama wasannin ƙwallon ƙafa na FIFA da magajinsu EA Sports FC suna da 3 a PEGI da E a ESRB, alhali suna sayar da irin waɗannan fakitin. A 2018 hukumar kula da caca ta Beljiyam ta ce akwatin sa'a da ake saya da kuɗi caca ne a dokar ƙasar, a farkon 2019 kuma kamfanin EA mai wasannin ya daina sayar da makin sayen fakitin a can. Tun 2020 ESRB da PEGI suka fara ƙara rubutu a ƙarƙashin alamar sayayya idan akwai kayan sa'a. Nemi kalmar Random Items. In ka gan ta, ka san akwai akwatin.

Kada ka ɗauka sakacin iyaye ne kawai. A Disamba 2022 kamfanin Epic Games, mai Fortnite, ya amince ya biya dala miliyan 520 a sasantawa da hukumar kare masu sayayya ta Amurka, FTC: miliyan 275 a kan tattara bayanan yara, miliyan 245 don mayar wa mutanen da tsarin maɓallan gem ɗin ya sa suka yi sayayyar da ba su yi niyya ba.

Maganin a nan gajere ne. Kada ka bar katin bankinka a ajiye a asusun da yaro ke amfani da shi. Ka saita a riƙa neman kalmar sirri a kowace sayayya. In za ka ba shi abin kashewa, saya masa katin kyauta mai ƙayyadadden kuɗi, in ya ƙare ya ƙare.

Mataki na 7: Kalla da idonka

Gani ya kori ji. Shiga YouTube ka rubuta sunan gem ɗin, ka nemi bidiyon wani yana bugawa, ba tallan kamfani ba. Kada ka tsaya a mintunan farko, ja zuwa tsakiya da wajen ƙarshe, a can abin da ake ɓoyewa yake. Minti goma sha biyar sun isa. In gem ɗin waya ne na kyauta, sauke shi a wayarka ka buga na ɗan lokaci, ka ga irin tallan da ke faɗowa. Tallan daga wasu kamfanoni yake zuwa kuma yana sauyawa, sai ka ga gem na 'yan shekara uku ana tallan wani abu da ba na yara ba a tsakiyarsa.

Mataki na 8: Saita na'urar

Duk abin da ya gabata ba zai yi aiki ba idan yaro da asusunka yake shiga, ko kuma an buɗe masa nasa da shekarun ƙarya. Wannan shi ne tushe: asusu nasa na kansa, da ranar haihuwarsa ta gaskiya, a ƙarƙashin naka. Da yawa daga cikin kariyar da kansu suke kunnuwa idan na'ura ta san yaro ne.

A wayar Android, manhajar Family Link ce: ka haɗa asusunsa da naka, ka zaɓi iyakar shekarun gem ɗin da zai iya saukewa, ka sa sai da amincewarka. A iPhone da iPad, shiga Screen Time ka sa iyakar shekaru da lambar sirri, sannan ka kunna Ask to Buy a cikin Family Sharing, duk abin da zai sauke sai saƙo ya zo wayarka. A PlayStation, ka zama shugaban iyali a asusunka, ka ƙara yaron, ka saita matakin shekaru, lokacin wasa, hira, da iyakar kuɗin wata, wadda daga sifili take farawa. Ka bar ta a nan. Xbox yana da manhajar Xbox Family Settings, inda har buƙatar abota za ka iya dubawa. Nintendo Switch ma yana da manhajar iyaye a waya, mai iya dakatar da gem idan lokaci ya cika, sai dai ka sani saitin na na'urar ne gaba ɗaya, ba na kowane yaro daban ba, kuma hana sayayya a asusun Nintendo ake yin sa. A kwamfuta, kantin gem na Steam yana da Steam Families. Ka ƙara kula a nan, domin gem da yawa a Steam ba su da alamar ESRB ko PEGI ko kaɗan, kuma akwai na manya zalla.

Bayan na'ura, shiga saitin gem ɗin kansa. Fortnite da Roblox duk suna da sashen iyaye nasu, a can ake kashe hira da baƙi.

Abu biyu ke rusa wannan gini. Na ɗaya lambar sirri mai sauƙi. In ka sa shekarar haihuwarka, ko ka danna ta yana leƙen yatsunka, ka gama. Na biyu fayil ɗin APK, wato fayil ɗin sa manhaja a wayar Android, da ake turawa daga waya zuwa waya ko a sauke daga wani shafi: ba ya bi ta kanti, don haka tacewar kanti ba ta ganinsa. Ka rufe izinin sa manhaja daga wajen kanti a wayar yaron.

Mataki na 9: Lokaci, 'yan'uwa, da kai kanka

Alamar shekaru ba ta cewa komai a kan sa'o'i. Gem mai 3 yana iya cinye barcin yaro kamar yadda mai 18 zai yi. Ƙasar Sin ta ɗauki hanya mai tsauri a 2021, ta taƙaita wa 'yan ƙasa da 18 gem ɗin intanet zuwa sa'a ɗaya, daga 8 zuwa 9 na dare, a ranakun Juma'a, Asabar, Lahadi da ranakun hutu. A gida ba sai ka kai nan ba. Hukumar Lafiya ta Duniya, da ta sa matsalar jarabar gem a kundin cututtukanta a 2019, ba da ƙirga sa'o'i ta bayyana ta ba. Alamominta su ne mutum ya kasa tsayar da kansa, gem ya ture sauran al'amuran rayuwarsa, ya ci gaba duk da yana ganin illa, kuma yawanci abin ya ɗauki kamar wata 12. Don haka abin dubawa shi ne barci, karatu, cin abinci da mu'amala.

Wata 'yar dabara da ke rage rigima: gem ɗin da ake bugawa da mutane a intanet ba a iya tsayar da shi a tsakiya, in yaro ya fita ya bar abokansa a rana, wani gem ɗin ma hukunta shi yake yi. Maimakon "kashe yanzu", ka ce "wannan zagayen ne na ƙarshe". Ka tambaye shi tun farko zagaye ɗaya minti nawa yake ci, ku yi lissafi da zagaye.

A gidan da ke da yara masu shekaru daban-daban, ƙaramin da ke zaune a gefe yana kallo shi ma yana cikin lissafi. Gem ɗin da ya dace da yayansa mai 16 ba ya zama na ɗan shekara shida don kawai ba shi ke riƙe da abin bugawa ba. A ware lokaci ko ɗaki.

Kai ma babba, lamba 18 ba tambarin abin kunya ba ne, gem da yawa domin manya aka yi su, kamar yadda ake yin fim na manya. Amma alamun suna da amfani gare ka: wanda ya taɓa fama da caca ya guji mai akwatin sa'a, mai farfaɗiyar da walƙiyar haske ke tayarwa ya karanta gargaɗin da ke fitowa a farkon gem. In ka gama naka, fita daga asusunka, ka sa masa lambar sirri, faifan kuma kada ya kwana a cikin na'ura.

In ka yanke cewa gem bai dace ba, kada ka tsaya a "a'a" kawai. Nuna masa alamar, ka ce, "Ka ga wannan hannun da wannan sirinjin? Su ne dalili. In ka kai shekara kaza mu sake dubawa." Sannan ku nemi wani mai kama da shi a matakinsa, mai son tsere ko harbi ko gini, kusan kullum akwai irinsa a 7 ko 12. Zai ce gidan su wane ana bari. Wataƙila gaskiya ne, kuma zai iya bugawa a can, shi ya sa yin magana da iyayen abokansa na kusa ya fi ƙara wani makulli a wayarsa.

Mataki na 10: Gwada, sannan ka riƙa komawa

Da ka gama saiti, karɓi na'urar ka shiga da asusun yaron kamar kai ne shi. Nemi gem mai 18 ka ga ko zai buɗe. Gwada sayen wani abu ka ga ko za a nemi kalmar sirri. Shiga gem ɗin da ya fi so ka gwada tura wa baƙo saƙo. Duk wanda ya wuce ba tare da an tare ka ba, koma ka gyara shi a take. Ka maimaita wannan gwajin duk lokacin da gem ɗin ya yi babban sabuntawa, ko aka sayi sabuwar na'ura, da kuma ranar da yaron ya cika 13, domin a wannan shekarar ne manhajoji da yawa ke sassauta wasu takunkumin da kansu.